Koyon Ingilishi ta bidiyon waya a Maradi: abin da yake iyawa da inda ƙarfinsa ya tsaya

Ranar 26 ga Maris 2025 shugaban Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa. Kundin ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma su ne harsunan aiki. Ƴan kwanaki kafin haka Nijar ta sanar da ficewarta daga OIF, ƙungiyar ƙasashen da Faransanci ya haɗa. Daga nan fassara ta yi yawa. Wani ya ce an kusa daina karatu da Faransanci a lakwal, wani ya ce nan gaba wanda ba ya jin Ingilishi ba shi da rabo a aikin gwamnati. Duk inda hirar ta bi, a fada ko a zaure, tana komawa kan tambaya guda: to a ina za a koya? Amsar da ta fi kusa da hannu ita ce wayar da ke aljihu, inda YouTube da TikTok da Facebook ke cike da masu koyar da Ingilishi, wasu kyauta, wasu da kuɗi. Abin dubawa shi ne me bidiyo ke iya koyarwa da gaske, me ya fi ƙarfinsa, kuma wa zai amfana a gari irin Maradi.

Kalmomin da ke rikita zance

Ta farko ita ce Turanci. A Katsina ko Kano, in an ce Turanci, Ingilishi ake nufi. A Nijar Baturen da aka sani Bafaranshe ne, don haka dattijo na iya cewa ɗansa ya iya Turanci alhali Faransanci yake nufi. Wanda ya rubuta "koyon Turanci" a YouTube, akasarin abin da zai fito masa darussan ƴan Najeriya ne na Ingilishi. Saboda haka a nan Ingilishi za a riƙa cewa.

Ta biyu ita ce harshen aiki. Kundin tsarin mulki na 2010 ya ba Faransanci matsayin harshen hukuma shi kaɗai, wata doka ta 2001 kuma ta lissafa harsuna goma a matsayin harsunan ƙasa. Sabon kundin ya ɗaga Hausa, ya sauko da Faransanci, ya ajiye Ingilishi kafaɗa da kafaɗa da shi a matsayin harshen da ake iya gudanar da aikin ofis da shi. Burkina Faso ma haka ta yi a gyaran kundinta. Amma kundi matsayi yake bayarwa. Buga littattafai, horar da malamai da sauya tsarin jarrabawa aiki ne na dabam, mai cin shekaru da kuɗi. Ruwanda ta mayar da karatunta daga Faransanci zuwa Ingilishi a 2008, kuma babbar matsalar da ta ci karo da ita ita ce malaman da kansu ba su ƙware a harshen ba.

Ta uku ita ce bambancin harshe na biyu da baƙon harshe, kuma a nan ne asalin maganar take. Tsakanin Maradi da Katsina bai kai kilomita 100 ba, amma matsayin Ingilishi a garuruwan biyu ba ɗaya ba ne. Yaron Katsina yana ganinsa a allon shago, a takardar naira, a littafin lissafi, a takardar asibiti. Ko bai ƙware ba, harshen na kewaye da shi. Yaron Maradi kuwa darasi guda ne a cikin darussa, da zarar an kaɗa ƙararrawa ya koma Faransanci a aji, Hausa a gida da kasuwa. Masu nazarin harshe suna kiran na farko harshe na biyu, na biyun kuma baƙon harshe. Wanda ke koyon baƙon harshe babban rashinsa shi ne ba ya jin sa a bakin mutane, kuma wannan giɓin ne bidiyo ke alƙawarin cikewa.

Me Maradi za ta yi da Ingilishi?

Ana yawan cewa kusanci da Najeriya ne dalili. Gaskiya ne, amma ba ta hanyar da ake zato ba. Cinikin da ake yi ta Ɗan Isa da Jibiya har Kano da Hausa ake yin sa tun kaka da kakanni, kuma babu Alhajin da ya taɓa rasa ciniki a Kantin Kwari don bai iya Ingilishi ba. Inda harshen ke tare wa ɗan kasuwa hanya shi ne a takarda da allon waya: takardar kaya, saƙon banki, bayanin da ke jikin kwalin magani ko taki, da saƙonnin WhatsApp tsakaninsa da mai sayar masa da kaya a Dubai ko Sin. Layin dogon Kano zuwa Katsina zuwa Maradi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, in ya fara aiki irin waɗannan takardu ƙaruwa za su yi.

Sai ɓangaren karatu. Ɗaliban kimiyya da noma da kiwon lafiya na Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo suna karatu da Faransanci, amma mafi yawan sabon binciken kimiyya a duniya da Ingilishi ake wallafa shi. A cikin garin akwai Jami'ar Maryam Abacha, wadda aka kafa a 2013, da ta jawo ɗalibai masu yawa daga Najeriya. Ga kuma ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje da ke aiki a jihar, musamman tun 2019 da ƴan gudun hijira suka fara kwararowa daga Sakkwato da Zamfara da Katsina. A wurin neman aiki a irin waɗannan ƙungiyoyi, mai Ingilishi yana da fifiko. A da akwai ƴan sa-kai na Peace Corps daga Amurka, waɗanda wasunsu suka koyar da Ingilishi a makarantun Nijar tun 1962, amma an janye su a Janairun 2011.

Abin da aji ya kasa bayarwa

A makarantun gwamnati ana fara Ingilishi a ajin farko na kwaleji, siziyam. Shekara huɗu zuwa BEPC, jarrabawar gama kwaleji, wasu uku zuwa BAC, jarrabawar gama lise. Shekara bakwai ke nan, amma ba abin mamaki ba ne a ga mai BAC ya iya jera sauye-sauyen aikatau a takarda, in aka gaishe shi da Ingilishi ya yi turus. Ba lallai laifin mushe ba ne. A ɗauka aji na da ɗalibi 70, darasi kuma awa guda. Ko da malamin bai ce uffan ba, ya bar wa ɗalibai lokacin gaba ɗaya, kowane ɗaya bai samu minti guda na magana ba. Murya ɗaya tak suke ji da Ingilishi, ta malamin, wanda shi ma a aji irin wannan ya koya. A azuzuwan zana babu wutar da za a kunna rediyo, balle majigi.

Bidiyo ya zo da abubuwa huɗu da wannan aji ba shi da su. Akwai muryoyi iri-iri, maza da mata, ƴan Ingila da Amurka da Gana da Indiya. Akwai maimaitawa: ana iya mayar da jimla baya sau goma ba wanda zai gaji ko ya yi tsawa. A YouTube ana iya rage saurin magana, ana iya kunna rubutun abin da ake faɗa a ƙasan hoto. Na huɗun shi ne wanda ya bambanta shi da rediyo, wato ganin baki.

Wannan na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Hausa ba ta raba sautin p da f, shi ya sa "pan" da "fan" ke fita iri ɗaya a bakin Bahaushe. A Hausar Maradi ma, inda ake cewa tahi da hwara, tazarar ta fi haka. Sautin v yakan koma b. Baƙaƙe biyu ko uku a jere a farkon kalma ba tsarin Hausa ba ne, sai mu cusa wasali a tsakani, kamar yadda aka samu burodi da sukurudireba. Wanda ya biyo ta lakwal kuma yana da nasa ƙarin nauyin: yakan karanta haruffan Ingilishi da ƙa'idar Faransanci, ya haɗiye h a farkon kalma, ya mayar da th ya zama z ko s. Bayanin yadda ake ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa a fitar da f yana iya cin shafi guda a littafi, yaro bai gane ba. A bidiyo daƙiƙa biyar sun isa, saboda idonsa ya gani.

Saɓanin masana: kunne ko baki

Koyar da Ingilishi daga nesa ba yau aka fara ba. BBC ta fara darussanta ta rediyo a 1943. Muryar Amurka ta ƙirƙiro shirin labarai da sauƙaƙƙen Ingilishi a 1959, da kalmomi kimanin 1,500 da karatu a hankali. Tun lokacin ake muhawara a kan ko sauraro kaɗai ya isa.

Ɓangare na farko yana jingina da Stephen Krashen, masanin harshe ɗan Amurka, wanda a shekarun 1980 ya ce mutum yana samun harshe ne ta hanyar ji da karanta saƙon da yake fahimta, wanda ya ɗara matakinsa kaɗan. A ganinsa haddar nahawu ba ita ke haifar da magana ba. In kunne ya ƙoshi, baki zai buɗe da kansa, kamar yadda yaro ke yi. Masu wannan ra'ayi suna kallon YouTube a matsayin rumbun da bai taɓa samuwa ba. A Maradi ma akwai abin da ke goya musu baya, don an san mutanen da suka tsinci kalmomin Indiyanci daga fina-finai ba tare da malami ba.

Ɓangare na biyu yana kafa hujja da binciken Merrill Swain a Kanada, wanda ta bayyana a 1985. Ta duba yara masu Ingilishi a gida da aka yi shekaru ana koya musu darussa da Faransanci. Fahimtarsu ta yi ƙarfi ƙwarai, amma in sun buɗe baki ko sun ɗauki alƙalami kurakuran nahawu na nan daram. Ta ce sai mutum ya matsa wa kansa ya furta sannan yake gane abin da bai iya ba, kuma yana buƙatar wanda zai nuna masa inda ya kauce. Bidiyon da aka naɗa ba ya jin mai kallo. Mutum na iya shekara yana faɗin kalma a karkace, malamin da ke cikin wayar yana ta yi masa murmushi.

In aka auna, ɓangarorin biyu ba su yi hannun riga kamar yadda ake zato ba. Babu mai musun cewa ji da yawa sharaɗi ne. Gardamar a kan ko ya wadatar ne, kuma yawancin masu horar da malamai a yau sun karkata ga cewa bai wadatar ba. Akwai ma wani sharaɗi a maganar Krashen da masu ambatonsa kan tsallake: saƙon sai ya zama wanda ake fahimta. Binciken Stuart Webb da Michael Rodgers na 2009 ya nuna cewa ana buƙatar sanin tushen kalmomi kimanin 3,000 kafin a gane kashi 95 cikin 100 na kalmomin fina-finai da shirye-shiryen talabijin na Ingilishi. Ke nan ɗan siziyam da aka ce ya je ya yi ta kallon fina-finan Amurka, hayaniya kawai zai ji. Abin da zai amfane shi shi ne bidiyon da aka tsara daidai matakinsa.

Tsawon bidiyo ma an auna shi. Wani bincike na 2014 a kan darussan bidiyo na edX, wani dandalin karatu ta intanet, wanda ya duba kallo kusan miliyan 7, ya gano cewa hankalin masu kallo yakan fara janyewa bayan kimanin minti shida. Wannan ya goyi bayan gajerun darussa, amma bai wanke salon "kalmomi goma a minti ɗaya" ba. Jerin kalmomi da fassararsu, babu jimla, babu maimaici washegari, yana sa mai kallo ya ji kamar ya ƙaru, bayan kwana biyu ba abin da ya rage. Gani ba ci ba ne. Wani nazari da aka wallafa a mujallar Science a 2019 ya nuna cewa a darussan intanet na jami'o'in MIT da Harvard, waɗanda suka kammala a zangon 2017 zuwa 2018 kusan kashi 3 ne cikin 100 na waɗanda suka shiga. Fara karatu ta waya abu ne mai sauƙi, ɗorewa a kansa ba tare da wanda ke jiranka ba shi ne mai wuya.

Da wane harshe za a yi bayani?

Ɗan Maradi yana da zaɓi uku, abin da ba kowane mai koyo a ƙasashen da Faransa ta mulka ke da shi ba.

Akwai darussan da Ingilishi ne zalla daga farko har ƙarshe, irin na BBC Learning English. Suna da tsari da inganci, kuma duk mintin da aka kashe a kansu na sauraron harshen ne. Sai dai wanda bai taɓa shiga aji ba zai tsaya a bakin ƙofa.

Akwai masu bayani da Faransanci. Su ne suka fi dacewa da ɗalibin da BEPC ko BAC ke gabansa, don sunayen ƙa'idojin nahawu da yake ji a aji su zai tarar. Faransanci kuma jari ne babba a nan, saboda kaso mai yawa na kalmomin Ingilishi daga Faransanci da Latin suka fito. Wanda ya san "nation" da "important" da "information" ya riga ya mallake su, furuci kawai zai gyara. Tarkon shi ne kalmomin da suka yi kama amma ma'ana ta bambanta: "library" ɗakin karatu ne, ba kantin littattafai ba, "actually" kuma ba ta nufin yanzu.

Na uku su ne masu bayani da Hausa, akasarinsu daga arewacin Najeriya. Waɗannan su ne suka kawo sabon abu, domin sun cire Faransanci daga tsakani. Ɗan kabu-kabu, ko mai shago a babbar kasuwa, ko wanda makarantar allo kaɗai ya yi, a da sai ya bi ta harshen da bai iya ba kafin ya kai ga wanda yake nema. Yanzu ana yi masa bayani da harshen da yake mafarki da shi, kuma zai tarar ya daɗe yana amfani da kalmomin da tushensu Ingilishi ne: mota, direba, tebur, bokiti, asibiti. Amma waɗannan darussa don ɗan Najeriya aka yi su. Sukan ɗauka cewa mai kallo ya yi firamare da Ingilishi, ya san sunayen haruffa da shi, misalansu na naira ne, burinsu kuma jarrabawar WAEC ko JAMB. Wurin da ya rage a buɗe shi ne na malamin Nijar da zai yi bayani da Hausa, ya san inda Faransanci ke taimako da inda yake kawo tuntuɓe, ya kuma san manhajar makarantun ƙasar.

Tambayar wane Ingilishi ma tana tasowa. Wasu malamai sun nace a kan na Ingila, matasa da yawa sun fi sha'awar na Amurka. Ga wanda hulɗarsa da Kano da Legas da Akra ce, Ingilishin Afirka ta Yamma shi zai fi ji, kuma ba aibi ba ne. Abin da ya kamata a rarrabe shi ne Buroka, wato Pidgin. Harshe ne mai zaman kansa da nasa ƙa'idoji, har BBC ta buɗe masa sashe a 2017. Yana biyan buƙata a tasha da kasuwa, amma a takardar jarrabawa jan biro zai sha.

Mega, wuta da rezo

Bidiyo shi ne ya fi komai cin mega. Ko Airtel mutum yake, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms, forfen da zai yi kwanaki ana aika saƙonnin rubutu yana iya ƙarewa a zama ɗaya na kallo. Ana iya rage ingancin hoto zuwa 144p ko 240p, cin ya ragu sosai, amma sai rubutun da malami ke nunawa ya dushe, leɓen da ake son gani ya zama inuwa. Darasin kyauta ne, hanyar zuwa gare shi ce ke da kuɗi.

Wuta ma haka. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, galibi a birane. Ƙasar ta daɗe tana sayen mafi yawan wutarta daga Najeriya, kuma mutanen Maradi sun ga abin da hakan ke nufi a Agustan 2023, lokacin da aka yanke ta bayan takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Ga mutumin ƙauye a Dakoro ko Mayahi, cajin waya ma biya ake yi, rezo kuma sai an nemi tudu. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan Adam, ya fara aiki a ƙasar a 2025, amma kuɗin na'urarsa ya fi ƙarfin yawancin gidaje, sai dai a saya a wurin mai raba wifi.

Hanyar da ta fi dacewa da wannan hali tuni mutane suka san ta, don da ita fina-finan Hausa da wa'azi ke yawo: mutum ɗaya ya sauke, sauran su karɓa ta Xender ko Bluetooth ko katin memori, ko a je shagon masu tura fina-finai. Jerin darussa talatin da malami ya zaɓa ya jera bi da bi a kati ɗaya ya fi forfen wata amfani. Sai dai a sani cewa ƙa'idar YouTube ba ta yarda a sauke bidiyo ta wata hanya ba sai wadda manhajar ta tanada, kuma sayar da aikin wani ba da izininsa ba cin haƙƙi ne. Malamin da ya naɗi nasa darasin ya raba wa ɗalibansa ba shi da wannan matsala.

Wa ke koyarwa, kuma me yake nema?

Babu wanda ke tantance malami kafin ya buɗe tasha. Akwai ƙwararru, akwai kuma wanda bai wuce ɗalibansa da komai ba sai ƙarfin hali. Dandalin shi ma ba makaranta ba ne. Da talla yake cin abinci, don haka abin da ke riƙe ido shi yake turo wa mutum, ko da ba shi ne darasin da ya kamata ya biyo baya ba. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da mai tasha, sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, ko miliyoyin kallo na gajerun bidiyo, kuma ba kowace ƙasa tsarin ya shafa ba. Wannan ne ke tura masu tashoshi ga take mai ɗaukar hankali, ko kuma su mayar da bidiyon talla ga wani rukunin WhatsApp da ake biya.

Alƙawarin iya Ingilishi cikin kwana talatin ana iya auna shi da lissafi. Ma'aunin da ƙungiyar Turai ta Council of Europe ta fitar a 2001 ya kasa iya harshe mataki shida, daga A1 zuwa C2. Hukumar jarrabawar Cambridge ta ƙiyasta cewa kai wa A2, matakin ƴar hira ta yau da kullum, yana cin awa 180 zuwa 200 na karatu da jagora, B2 kuma, wanda jami'o'i da yawa ke nema, awa 500 zuwa 600. Mai ba karatu rabin awa kullum ba fashi, shekara guda zai yi kafin ya tara awa 180. Darasin kirki ana gane shi da cewa yana da na ɗaya da na biyu, yana dawo da abin da ya wuce, yana sa kalma a cikin jimla, yana kuma yin shiru ya bar mai kallo ya furta.

Iyaye suna da nasu ƙorafin, kuma ba na banza ba ne. Wayar da aka ba yaro don darasi ita ce mai kai shi ga abin da ba a so ya gani, musamman a TikTok inda bidiyo na gaba ke zuwa ba a nema ba. Wasu na ganin a hana gaba ɗaya, wasu na ganin hanawa ba ta yiwuwa, sai dai sa ido. Darasin da aka sauke aka kashe data yana rage wannan damuwa, kamar yadda yake rage kuɗi.

Yadda abin zai shafi mutane

Ɗalibin kwaleji ko lise da ke da malami da waya shi ya fi kowa riba, saboda yana da ɓangarorin biyu: bidiyo ya cika masa kunne, mushe ya gyara masa baki da rubutu. In malami ya tura bidiyon minti biyar a rukunin aji kafin ranar darasi, awar da a da bayani ke cinyewa sai ta koma ta magana, ɗalibai bibbiyu suna gwadawa. Hatsarin shi ne ajin ya rabu biyu, masu waya a gida da marasa ita, in ba a yi tanadin kallo tare ba.

Malami ba ya cikin barazanar rasa aiki, amma matsayinsa zai sauya. Ɗalibi zai zo ya ce ba haka ya ji ana furta kalmar ba, wani lokaci kuma shi ke da gaskiya. Malamai da yawa su ne ma suka fi buƙatar bidiyon, don su ma ba su samu damar jin harshen sosai ba lokacin horonsu.

Ɗan kasuwa ko mai sana'a buƙatarsa taƙaitacciya ce: lambobi, farashi, kwanan wata, sunayen kaya, yadda ake rubuta gajeren saƙo. Wannan yana samuwa cikin watanni, musamman in fadar da ake shan shayi ta ware rabin awa, mutum huɗu ko biyar su kalli darasi ɗaya, sannan su ajiye wayar su yi ciniki na gwaji da junansu. Saƙon murya na WhatsApp ma yana maye gurbin wani ɓangare na aji, in akwai wanda ya fi su sani da zai saurara ya gyara.

Ga matan aure da ƴan matan da aka cire daga makaranta, darasin da ke shigowa har ɗaki dama ce da ba ta samuwa a da. Amma a gidaje da yawa babbar wayar ta maigida ce, tana fita da shi da safe. Wadda ba ta iya karatun boko ba kuma ko neman darasin sai an yi mata, ko da yake a nan bidiyon da ke bayani da Hausa da baki ya fi littafi kusa da ita.

Saura maganar takarda. YouTube ba ya ba da shaidar da ofis ko jami'a za su karɓa. Mai neman karatu a waje yawanci sai ya zauna TOEFL ko IELTS, jarrabawa masu tsada da ke gwada ji da karatu da rubutu da magana, kowanne da makinsa. Mai neman aiki a ƙungiyar agaji kuwa, wani lokaci a tsakiyar ganawa ake juya harshe a yi masa tambaya biyu ko uku da Ingilishi, a jira amsa. Ga wanda ke son sanin ko matsayin da kundin 2025 ya ba Ingilishi ya fara sauka ƙasa, wuraren dubawa sanannu ne: ajin da ake fara koyar da shi, awoyin da aka ba shi a mako, nauyinsa a BEPC da BAC, da yawan malaman Ingilishi da ake horarwa ana turawa kwalejojin Tasawa, Madarunfa da Gidan Rumji.